Jawabi A Kan Fita Teku Kallon Wel

 Abin da zan yi magana a kansa yau ya yi nisa da ƙasarmu, gama labarin teku ne, mu kuwa yawancinmu mutanen tudu ne. Wanda ya fi kowa sanin ruwa a cikinmu, iyakarsa Kwara ko Binuwai ko Tafkin Cadi. Amma dabbar da za mu je kallo ba baƙuwa ba ce ƙwarai kamar yadda za ku zata. Duk wanda ya taɓa jin labarin ayu a bakin masunta ya riga ya san rabin sha'aninta. Cikin ruwa ta ke zaune, amma ba kifi ba ce. Iska ta ke shaƙa, haihuwa ta ke yi, ta kuma shayar da ɗanta nono.

Turawan Ingila suna kiranta wel. Mu masu aikin juya magana mukan sha wuya a kan sunanta, don Hausa ba ta raɗa mata suna ba, tun da kakanninmu ba su gan ta ba. Waɗansu sukan rubuta "babban kifi". Ni ban yarda da wannan ba, domin sunan yana koya wa mai karatu abin da ba haka ba ne. Ku dubi wutsiyar kifi, a tsaye ta ke, yana kaɗa ta dama da hagu. Ta wel a kwance ta ke, sama da ƙasa ta ke kaɗa ta. In aka feɗe abin da ta ke iyo da shi a gefen ƙirjinta, sai a tarad da ƙasusuwan yatsu a jere kamar na hannun mutum. Masana halittu kuma sun bincika, sun ce cikin dabbobin da ke raye yau ba wadda ta fi dorina kusancin dangantaka da ita. Saboda haka zan bar mata sunanta na wel, ku yi haƙuri da baƙuwar kalma.

Iri-iri ne. Babbarsu takan kusa ƙafa 100 a tsawo, ba a kuwa san wata dabba da ta taɓa finta nauyi ba. Akwai wata mai doro wadda takan zo haihuwa har tekun Gabon da Benin da Togo, da wajen Ikko, a cikin watannin damina. Amma yau kudu za mu nufa, har ƙarshen Afirka, wurin da kallon wel ya zama sana'ar gari guda.

In ka bar birnin Keftaun a ƙasar Afirka ta Kudu, ka yi gabas maso kudu tafiyar wajen mil 75, sai ka iske wani gari a bakin teku ana ce da shi Hermanus. A gabansa teku ta yi lungu mai faɗi, sunansa Walker Bay, a ɗaya bakin lungun kuma akwai garin masunta, Gansbaai. Ku tuna fa, lokatan can sun saɓa da namu. Sa'ad da mu ke cikin damina, su suna cikin sanyi. A cikin sanyin nan ne, tun daga watan Yuni har zuwa Nuwamba, wel ke zuwa lungun. Ba abinci ya kawo su ba. Abincinsu yana can kudu nesa, a ruwan sanyi wajen ƙasar ƙanƙara. Haihuwa da barbara su ne suka kawo su, don ruwan gaɓa ya fi ɗumi, ya fi kwanciya, jariri kuwa ba shi da kitsen da zai jure wa sanyin kudu.

Sukan matso kusa da gaɓa har mutum ya tsaya a kan dutse ya ji hucinsu. Tun shekarar 1992 garin Hermanus yana da wani ma'aikaci wanda za mu iya kira sanƙiran wel. Yakan yi ta kai da kawowa a bakin teku da ƙaho a hannu, wanda aka yi da busasshen karan wata ciyawar teku, in ya hango wel sai ya busa, mutane su sheƙo. Wanda ba shi son ya hau ruwa, wannan ma ya ishe shi, ba kuwa zai biya ko anini ba.

Amma mu jirgi za mu shiga. Akan tashi daga ƙaramar tashar da ke kusa da Gansbaai, tafiyar kuwa takan ɗauki kamar awa 2. Kafin ka sa ƙafa za a ba ka rigar da ke hana mutum nutsewa, da wata ta kare ruwa. Kada ka raina su, kada kuma ka dogara ga rana da ka gani a tudu, gama iskar teku a can tana ratsa riga har ƙashi. Kada ka cika ciki da abinci mai maiƙo. Teku ba kogi ba ce. Kogi gaba ɗaya ya ke tafiya, ita kuwa teku ɗaga jirgi ta ke yi ta sauke, ta karkata shi nan ta karkata shi can, har jarumi ya ji jiri, zuciyarsa ta tashi. In ka ji haka, kada ka sunkuyar da kai. Ka fita inda iska ke bugunka, ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Waɗansu sukan tauna citta.

Sa'an nan sai jira. Wannan shi ne abin da masu ba da labari ba su cika faɗa ba. Mai yiwuwa a yi rabin awa ba ka ga kome ba sai ruwa da tsuntsaye. Wel ba ta san ka biya kuɗi ba. Matuƙi da yaransa su dai idonsu yana kan ruwa, abin da su ke nema kuwa shi ne huci. Wel tana da hanci a tsakar ka, in ta taso ta fitar da numfashi sai ka ga kamar hayaƙi ya tashi sama. Mutane sukan ce ruwa ta ke fesawa, amma ba ruwan cikinta ba ne, numfashi ne mai ɗumi ya gamu da iska mai sanyi, kamar yadda bakinka ke hayaƙi da asuba a cikin hunturu, sai ɗan ruwan da ya kwanta a bakin hancin. Irin wel ta wannan lungu hucinta rabuwa ya ke yi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar reshen itace. Da wannan matuƙi ke gane ta tun daga nesa.

In an hango, jirgi ba ya aukawa kanta. Akwai doka. Gwamnatin ƙasar ta fara ba da izinin kai mutane kallo cikin jirgi a 1998, kuma jirgin da ke da takardar izini kaɗai ke iya matsawa har mita 50. Sauran jirage duka sai su tsaya mita 300. Wani yanki na lungun ma an hana jirage shiga ɗungum a lokacin haihuwa. To, matuƙi yakan rage gudu, ya tsaya a gefe, ba ya tare mata gaba, ba ya shiga tsakanin uwa da ɗa. Amma dokar mutum ta ɗaure, ba ta ɗaure dabba ba. Sau da yawa ita da kanta za ta juyo, ta taho a hankali, ta bi ta gefen jirgi ko ta ƙarƙashinsa. A nan ne surutu ke ɗaukewa.

Me za ka gani? Baƙin baya ne mai sulɓi, ba ƙaya a kansa irin ta kifi, yana tasowa kamar fa a tsakiyar kogi. Tsawonta wajen ƙafa 50, watau mita 15, nauyinta kuwa yakan kai na giwa 8 ko 10. Kanta kaɗai ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu na jikinta. A bisa kan akwai waɗansu ƙullutai masu kaushi, fari-fari, kamar an manna mata duwatsu. Fata ce mai kanta, farin kuwa na waɗansu ƙananan halittu ne da ke zaune a kai dubbai, kamar kaska a jikin saniya. Ku riƙe maganar ƙullutan nan, za mu komo kanta.

Wani lokaci takan ɗaga kai tsaye daga ruwa har idonta ya fito, ta dubi masu dubanta. Wani lokaci ta ɗaga wutsiya ta maka wa ruwa, ka ji kamar an buga bindiga. Takan kuma yi wani abu mai ban dariya, ta kifa kai ƙasa, ta bar wutsiya a sama iska na tura ta, ta daɗe a haka. In ka yi sa'a ƙwarai, sai ka ga ta yi tsalle, yawancin jikin nan ya fito sarari, ta faɗo ta gefe, ruwa ya tashi kamar gini ya rushe. Gani ya kori ji.

Abin mamaki, wannan ƙatuwa ba ta da haƙori ko ɗaya. A maimakonsa, daga muƙamuƙinta na sama waɗansu faifai ne ke rataye, ɗaruruwa, tsawon waɗansu ya wuce mita 2, gefensu da gashi-gashi. Da irin abin da aka yi farcenka aka yi su. In tana kiwo sai ta buɗe baki tana iyo, ruwa ya shiga ya fita ta tsakanin faifan, ƙananan halittu masu kama da jatan lande su maƙale. Rariya ce dai. Da abin da bai kai ɗan yatsa ba ta ke tara kitsen da zai riƙe ta wata da watanni.

Ku lura da wannan, don a nan nauyin maganar ya ke. Uwa takan ɗauki ciki shekara guda, ta haifi ɗa mai tsawon mita 4 ko 5. Duk zaman da za ta yi a gaɓa kusan ba ta cin kome, ga shi tana shayarwa. Ɗan yana ƙaruwa da wajen santimita 3 kowace rana, ita tana ramewa, har cikin wata 3 ta zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jikinta. Guzurin da ta zo da shi daga kudu, shi ne ranta, shi ne ran ɗanta. Jirgin da ya kore ta ya sa ta gudu, daga nonon ɗan ya ɗiba. Don haka in ka ji wani cikin jirgi yana matsa wa matuƙi ya ƙara kusa don ya sami hoto mai kyau, kada ka goyi bayansa.

Sunan da Turawan Ingila suka ba wannan iri, ma'anarsa ita ce "wadda ta dace". Ana cewa mafarauta ne suka raɗa shi, watau wadda ta dace a kashe. Ga ta da nawa, ga ta kusa da gaɓa, in ta mutu kuma ba ta nutsewa saboda yawan kitse. Uwa kuwa ba ta barin ɗanta, sai su soki ɗan, uwar ta tsaya, su same ta. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 18 jiragen Amurka da Ingila da Faransa suka yi ta zuwa gaɓar kudancin Afirka. Kitsen su narka shi ya zama man fitila, faifan bakin kuma a yi bulala da sandunan laima da abin ɗaure ƙugu na matan Turai. An ƙiyasta cewa wajen 1920 abin da ya rage na irin nan a dukan tekunan kudu bai fi kamar 300 ba. A 1935 yarjejeniyar ƙasashe ta hana kashe ta. Duk da haka jiragen Tarayyar Sobiyet suka ci gaba a ɓoye, suka kashe fiye da 3,000 tsakanin 1951 da 1971, asirin bai tonu ba sai bayan tarayyar ta rushe. Afirka ta Kudu ta rufe masana'antarta ta ƙarshe ta farautar wel a Durban a 1975, hukumar ƙasashe mai kula da farautar wel kuma ta dakatar da farautar ciniki daga 1986.

Halin da ya sa aka kusa ƙare ta, watau zuwanta kusa da rashin gudunta, shi ne yau ke cika masaukan Hermanus da baƙi.

Yanzu mu koma ga ƙullutan kai. Ba wel biyu da ƙullutansu suka zama ɗaya, kowace da nata tsari, kamar zanen yatsa. Tun 1969 masana ke bin gaɓar nan ta sama kowace shekara suna ƙidaya, daga 1979 kuma suka fara ɗaukar hoton kan kowace uwa. Sashen binciken wel na Jami'ar Pretoria ke riƙe da aikin. Ni ma'aikacin ofis ne, na san darajar littafin da aka daɗe ana cikawa ba fashi, wannan kuwa littafi ne na fiye da shekara 40. Da shi aka san cewa uwa takan haihu sau ɗaya a shekara 3, da shi aka ga suna ƙaruwa har na gaɓar Afirka ta Kudu suka haura 6,000. Amma littafin nan kuma shi ya nuna wani abu mara daɗi. Tun wajen 2010 iyaye da yawa sun koma haihuwa bayan shekara 4 ko 5, suna kuma isowa a rame fiye da iyayen shekarun 1980. Ba mai harbinsu. Masana suna danganta abin da sauyin da ɗumamar duniya ta kawo a wuraren kiwonsu na kudu.

Daga wurin wel jirgi yakan zarce zuwa waɗansu tsibirai biyu da ke kusa da juna, tafiyar mil kaɗan daga gaɓa. A hanya, in ka dubi yamma, za ka hangi hasumiyar fitila a kan wani tsinin ƙasa. A gaban tsinin nan ne jirgin soja mai suna Birkenhead ya bugi dutse a 1852, sojoji suka tsaya a sahu aka fara sauke mata da yara, mutum fiye da 400 suka halaka. Ruwan wurin ba na wasa ba ne.

Tsibiri na farko, Geyser Rock, hancinka zai san da shi kafin idonka. Dutse ne tsirara, a kansa wajen dabba 60,000 na irin da Turawa ke kira sil, ni kuwa zan ce karen teku, don fuskarsa da haushinsa. A tudu jan jiki ya ke yi kamar gurgu, amma da ya faɗa ruwa sai ka rantse ba shi ba ne. 'Yan ƙanana sukan kewaye jirgi suna juyi suna leƙen mutane. Kada ka miƙa hannu. Suna cizo, a 2024 kuma an tabbatar da ciwon haukan kare a cikinsu.

Mashigin da ke tsakanin tsibiran biyu ya yi suna a duniya saboda farin shak, babban kifin nan mai haƙora kamar zarto, wanda ke zuwa farautar karnukan teku. Afirka ta Kudu ce ƙasar da ta fara kare shi da doka, a 1991. Amma a 2017 teku ta fara turo gawawwakin shak gaɓar Gansbaai, an farke su an cire hanta. Masu wannan aiki waɗansu dabbobi biyu ne maza, na irin da a ke kira orka, dangin wel masu haƙora, baƙi da fari. Tun daga lokacin farin shak ya yi ƙaranci a wurin. Ashe shi ma yana da wanda ya ke tsoro.

Tsibiri na biyu shi ne Dyer, ba a yarda baƙo ya sauka a kansa ba, don na tsuntsaye ne. A cikinsu akwai wanda na fi so ku sani, fengwin na Afirka. Tsuntsu ne da ba ya tashi. Tsayinsa bai wuce gwiwar mutum da kaɗan ba, bayansa baƙi, cikinsa fari, yana tafiya a miƙe yana rangaji kamar dattijo ya sha babbar riga. Fikafikansa sun zama abin tuƙi, a cikin ruwa ya ke tashinsa. In ya yi kuka kuwa sai ka waiwaya neman jaki.

A ƙarshen shekarun 1970 tsibirin nan yana da ma'aurata fiye da 20,000 na wannan tsuntsu. Yau ba su kai 2,000 ba, a dukan ƙasar kuma ba su kai 10,000 ba. Yadda abin ya faru ya isa a tsaya a kansa. Da can kashin tsuntsaye ya taru a tsibiran shekara aru-aru, ya yi kauri, fengwin yakan haƙa rami a ciki ya yi ƙwai, rana ba ta dukansa, tsuntsaye masu sata ba su kai gare shi. Tun daga shekarun 1840 aka shiga kankare kashin ana sayarwa takin gona, har aka kai ga dutse. Aka kuma yi ta kwasar ƙwansa ana ci. An bar waɗannan duka. Abin da ke kashe shi yanzu yunwa ce. Abincinsa ƙananan kifaye ne, sadin da ɗan'uwansa ancobi, su ne kuwa manyan jiragen kamun kifi ke nema, kifin kuma ya ragu, ya sauya wurin zama. Tsuntsun da ke da 'ya'ya a sheƙa ba shi da ikon tafiya nesa, dole ya komo ya ciyar da su. In bai samu a kusa ba, sai 'ya'yan su mutu. A watan Oktoba na 2024 aka sa shi cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa, masana kuma sun yi gargaɗi cewa in ba a sake hali ba zai iya ɓacewa daga teku wajen 2035.

A ganina, tsirar da wel ya fi sauƙi. Cewa aka yi a ajiye mashi, aka ajiye, a lokacin ma man fitila ya riga ya sami magaji. Shi fengwin ba mai nufinsa da sharri. Masunci abincin gidansa ya ke nema, masana'antar kifi tana ciyar da dubban ma'aikata, ba kuwa za ka ce da su mugaye ba. Tsuntsu da mutum hannunsu ya haɗu a ƙwarya ɗaya, wannan shari'a ce mai wuyar yankewa. Ta kai har gaban alƙali. A watan Maris na 2025 babbar kotu a Pretoria ta tabbatar da sulhu tsakanin masu kare tsuntsaye da masu kamun kifi, aka hana kamun sadin da ancobi na ciniki a kewayen mazaunan fengwin guda 6 har shekara 10, Dyer yana cikinsu. A kan tsibirin kuma, in jirgi ya matsa, za ka hangi waɗansu 'yan ɗakuna a jere kamar akurkin kaji. Mutane ne suka ƙera su suka ajiye, su zama madadin ramin da aka kankare.

Daga nan jirgi yakan juya ya nufi tasha, kowa ya jiƙe, leɓe duk gishiri, waɗanda jiri ya kayar sun fara ɗaga kai. In watan Oktoba ne, mai yiwuwa ka ji ƙarar jirgin sama mai saukar ungulu yana bin gaɓa ƙasa-ƙasa, masu ƙidaya ke nan suna ɗaukar hoton kawuna. Kafin Disamba ya ƙare lungun zai zama fayau. Iyaye za su juya kudu da 'ya'yansu a gefe, tafiyar mil dubbai, uwa ba ta ci abin kirki ba tun zuwanta, ɗan kuwa bai taɓa ganin hanyar ba.